Jawabi ga makiyaya: yadda kwamitin rijiya zai yanke shawara

 

Yau maganarmu kan kwamitin rijiya ce. Mutum bakwai ko tara ne ke zama gindin icce, amma abin da suka yanke shi garke ɗari zai bi har faɗuwar ruwa.

Tun 1993, da dokar karkara ta ran 2 ga watan Maris, an amince makiyayi yana da haƙƙin fifiko a mazauninsa, ba tare da ya hana baƙo ruwa ba. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara ƙarfafa wannan. To amma doka ba ta faɗi wa zai fara jan guga da asuba ba. Wannan ku za ku shirya.

Ku dubi masu zaman. Mai shanu yana son shayarwa kullum ko bayan kwana guda. Mai raƙuma yana iya jira kwanaki, amma ran da ya zo, sai rijiya ta ja baya. Mace da awakinta da tulunta ba ta iya tsayuwa har azahar. In kwamiti duk masu shanu ne, za su gama da wuri, su tashi suna murna, ran nan kuma a ji sanda ta yi ƙara bakin kwami. Kwamiti mai gauraye yana cin lokaci, gaskiya ne, har ya gundure ku. Ni dai na fi son wannan jinkirin.

Sai dai zama tare bai isa ba, don bakin kowa daban. Wani ya saba da kasuwa, yana ɗaga murya, yana katse mutane. Bafillatani sau da yawa kunya ke hana shi musu gaban manya. Ya ce "to", ku ɗauka ya yarda, alhali cewa ya yi ya ji. Gobe ba ku ganin shi, ba ku ganin kuɗinshi na igiya. Buzu kuma, in da Hausa ake taron, wataƙila rabin maganar ya kama. Mace ba ta buɗa baki gaban surukinta.

Don haka mai gari ko arɗo shi bari sai ƙarshe, don in babba ya fara faɗin ra'ayinshi, saura amin kawai za su ce. A tambayi kowa da sunanshi, a fara da wanda ya fi shiru. A samu mai fassara da Fillanci da Buzanci, ko da an ce kowa na jin Hausa. Mata su yi nasu zama tukuna, su aiko biyu, ba guda ba.

In an gama, kada sakatare shi rubuta sai wani daga kowane ɓangare ya maimaita shawarar da bakinshi: wa ke shayarwa da safe, wa ke da marece, dala nawa kowane garke. Inda maimaicin ya saɓa, a koma a zauna.