Hutun Malamin Makaranta Lokacin Hunturu

Tun watan Satumba malamin makaranta ya ke tsaye gaban allo yana shaƙar ƙurar alli, da dare kuma ga littattafan yara. Kafin Disamba murya ta dushe, hazon hunturu ya ƙara wa maƙogwaro ciwo. Hutun nan na mako biyu ko uku a cikinsa zai murmure. Amma da an rufe makaranta sai dagaci ya aiko masa da takardun cikewa, ko lissafin kuɗin aikin gayya, don shi ne mai alƙalami a ƙauye, kunya kuwa ba ta barinsa ya ƙi. Ana roƙon hakimai su tsawata, irin wannan aiki ya koma hannun magatakarda har a buɗe makaranta cikin Janairu.