Uwargida, Leƙa Ƙarƙashin Gadonki

    

Yau hirar tamu ko ƙofar ɗaki ba za ta fita ba. Uwargida, in kina zaune a bakin gado, ɗan sunkuya ki ɗage zanen gadon nan ki leƙa. Me kika gani? Na san wata za ta yi dariya. Ga tsohuwar kula da murfinta ya ɓata, ga warin takalmi, ga ƙullin tsummokara, ga rediyon da ya mutu tun haihuwar ɗan fari, ga gwangwanaye da ledoji iya ganinki. In an ce a fitar, sai mu ce a bari, ai ajiya maganin wata rana. To, yau kan wannan ajiyar za mu yi magana.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ina da wata goggo, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta. Mace ce mai tattali. Duk atamfar da aka ba ta, ko ta biki ko ta sallah, sai ta ninke ta jefa cikin adaka ta kulle, ita kuwa kullum cikin zannuwa biyu take. Da Allah Ya yi mata rasuwa aka zo rabon gado, sai aka jawo adakar nan daga jikin bango. Wallahi ashe gara ta shiga ta ƙasa. Turamen atamfa da ba a taɓa kai wa tela ba, kana ɗagawa suna zubewa kamar gari. Ita ba ta ɗaura ba, 'ya'yanta ba su gada ba, ga kuma marainiya a maƙwabta da aka kai ɗakin miji da kayan da ba su cika akwati ɗaya ba. Tun ran nan na gane cewa ajiyar da ba a dubawa asara ce mai jiran rana.

Kada wata ta ce na zo raba ta da dukiyarta. Ni ma 'yar gida ce, na san abin da kayan ɗaki suke a wurin mace. Jeren nan na kwalla da samira da tangaran shi ne asusunki. Ran da lalura ta taso, ciwon yaro ko bikin 'yar uwa, ki ciro ɗaya ki ba dillaliya, ki rufa wa kanki asiri ba wanda ya ji. In 'yarki ta isa aure kuma a ciki za ki rage mata. Wannan tanadi ne mai kyau. Sai dai ki tuna yayi yana wucewa. Kwanon jeren da iyayenmu suka yi alfahari da shi, tangaran ya zo ya ture shi, kuloli da kayan gilashi suka biyo baya. Abin da dillaliya za ta karɓa da murna bana, nan da 'yan shekaru sai kin roƙe ta. Kwano kuma in ya zauna cikin laima ya yi tsatsa, ya tashi daga jari ya koma tarkace. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne mu rarrabe wanne ne jari, wanne ne tarkace.

Me ya sa na damu da tarkace haka? Saboda mu da ƙananan yaranmu mu ne muke wuni a cikinsa. Maigida ya fita kasuwa ko ofis, mu kuwa nan za mu yini, nan za mu kwana.

Na farko, ɓera. Duk inda aka jibge kaya a lungu ba a motsa su, an gina masa gida ke nan. Ɓarnarsa kuma ta wuce cin hatsi da zani. Akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Wani irin ɓera ne ke ɗauke da cutar, yana barinta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci da kwanuka, kuma ta fi yaɗuwa da rani. Mai juna biyu tana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa illa. Don haka ki ɗora buhun hatsi a kan katako ko bulo, ki janye shi daga jikin bango, gari da shinkafa su shiga mazubi mai murfi. In za ki share kashin ɓera, yayyafa ruwa tukuna don kada ƙurar ta tashi, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama.

Na biyu, sauro. Fasasshiyar randa, tsohuwar taya, gwangwanin madara da aka wurgar bayan ɗaki, duk suna tara ruwa da damina. Ɗan ruwan nan ya ishi sauro ya yi ƙwai, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya zama mai cizo. Irin sauron da ke kawo zazzaɓin shawara ma ya fi son ruwan cikin irin waɗannan mazubai. Tufafin da muke ratayawa birjik a bayan ƙyaure kuwa nan sauro ke ɓuya da rana, dare ya yi ya sauko kan yara.

Na uku, ragowar magani. Kusan kowane ɗaki akwai wata 'yar roba da aka tara ƙwayoyi a ciki, wasu ma an manta na wane ciwo ne. Ki sa ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki kwanan watan da ke jikin kwali ko kwalba. Wanda ya wuce lokaci ya fita. Garin maganin yara da ake haɗawa da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan an haɗa. Maganin ɗigawa a ido kuma, in an buɗe shi ya yi mako 4, a daina sawa. Ki ƙulle su a leda ki ba maigida ya kai wa ma'aikatan lafiya, kada a watsa a bola yara su tsinta su zaci alewa ce. Sannan don Allah a daina zuba kananzir ko fiya-fiya a kwalbar lemo, yaro mai ƙishi ba ya tambaya. Galan ɗin da aka taɓa sa maganin ƙwari kuma ko an wanke shi kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki.

Na huɗu, gobara. Lokacin hunturu komai a bushe yake, ga iska. Tsumma da kwali da tsohuwar katifa kusa da kaskon wuta ko risho, tartsatsi ɗaya ya isa. Allah Ya tsare mu.

To, ta ina za a fara? Kada ki ce yau sai kin kwashe ɗakin gaba ɗaya, za ki gaji ki mayar da komai yadda yake. Ɗauki lungu ɗaya. Yau ƙarƙashin gado, jibi saman sif, wani mako madafi. Ki bari yara su tafi makaranta, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki rufe hancinki da ɗankwali. Duk abin da kika ɗauka ki tambayi kanki: damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, an yi sallah ƙarama da babba, na taɓa shi? In ba ki taɓa ba, kuma ba jari ba ne, ki san bai da wurin zama a ɗakinki.

Ki kasa kayan kashi huɗu. Kashi na ɗaya, abin da ake amfani da shi da wanda kika ajiye don jari. Wannan a goge, zannuwa su sha rana, akwati ya hau kan wani abu, kuma ki riƙa buɗewa ko sau biyu ne a shekara. Kashi na biyu, na sayarwa. Ki kira dillaliyar da kika yarda da ita, ku yanke kuɗi da la'adarta tun kafin ta fita da kaya. Tsohon ƙarfe da tukunyar da ta huje, 'yan gwangwan na saye a kan sikeli. Amma ki aiki babba, don in yaro ya saba da wannan ciniki, wata rana tukunyarki mai kyau za ki nema ki rasa. Kuɗin da aka samu ya shiga adashi ko jarin sana'arki, kada ya koma sayen wani tarkacen. Kashi na uku, na kyauta. Kashi na huɗu, wanda ya mutu murus, a fitar da shi. Kada ki ƙona roba da leda a tsakar gida, hayaƙinsu na cutar da ƙirji, kada kuma a tura su kwata su toshe ta.

Bari in ɗan tsaya kan kyautar nan. Rigar da ta yi wa ɗanki kaɗan, akwai wani yaro a unguwarku da zai yi sallah da ita. Ki wanke, ki ɗinke inda ya yage, ki ninke. Abin da ke kanki za ki ji kunyar karɓa, kada ki miƙa wa wata. Ki kuma aika a ɓoye, ba a tsakiyar taron suna ba, don kada ki ba mutum zani ki ƙwace masa mutunci. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Akwai kuma kayan da ba ki da ikon taɓawa. Naki naki ne, ki sayar ko ki bayar. Amma na maigida sai kin tambaye shi, musamman takardu: ta fili, ta haihuwa, katin rigakafin yara, sakamakon makaranta. Waɗannan a haɗa su a leda mai kauri a adana. Takarda mai ayoyi ba ta zuwa bola, a ba malam. Kayan abokiyar zama ko da a tsakar gida suke, ki yi mata magana cikin mutunci, kada sharar ɗaki ta zama sharrin gida. Turmi ko faranti da kika aro tun bikin bara, yau ki mayar wa mai shi. Kayan mamaci kuwa na magada ne, har ɗan cokali. Ba a sadaka da su sai an biya bashi, an cika wasiyya, an raba, ko kuma magada sun yarda. Rabon marayu ƙanana ma ajiye musu ake yi.

Na san akwai wadda ke saurarena da 'yar rigar jaririnta da ya koma, ko mayafin mahaifiyarta, a ƙasan akwati. 'Yar uwa, ba zan ce ki yi gaggawa ba. Ki zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi kwanta miki a rai ki riƙe. Sauran, ran da zuciyarki ta yi sanyi, ki bayar da niyyar Allah Ya kai musu ladan. Hakan ya fi a bar wa asu da gara.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika san lungun da kike kawar da kai in kin zo wucewa. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan an gama karin kumallo, ki fara da shi. Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in muna da rai da lafiya. A gaida maigida, a shafa min kan yara.