Yaranmu Da Koyon Turanci A Cikin Gida

Yau maganarmu a kan Turanci ce, da irin bidiyoyi da littattafan da ake samo wa yara don su koye shi.

Kada wata ta ce wannan aikin malaman boko ne, ni da ban yi makaranta ba ina ruwana. Da ruwanki, 'yar'uwa. Yaro ko ya fi kowa lissafi, in bai sami kiredit a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko NECO, jami'a ba za ta ɗauke shi ba. A JAMB ma darasi 4 ake rubutawa, Turanci ne kaɗai ya zama dole a kan kowa. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta soke tsarin da aka kawo a 2022 na koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta ce a koma Turanci.

To, bari mu fara da bidiyo. Akwai masu kyau, kamar Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011, da Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, mai koya wa ƙananan yara haruffa da ƙirga. Amfaninsu shi ne kunne. Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa, Turanci kuwa ba haka ba ne. Sunan wuƙa da harafin k yake farawa a rubuce, amma a baki ba a furta shi. Sai yaro ya ji sannan zai sani.

Sai dai bidiyo ba ya tambayar yaro ko ya gane. Za ki ga yaro yana rera waƙar haruffa tiryan-tiryan, amma ki nuna masa harafi ɗaya a takarda, sai ya yi zuru. Nan ne aikinki. Ki zauna kusa da shi, ko kina tsintar shinkafa ko ɗinkin hula. In an ɗan jima ki tsayar, ki ce, "Me suka ce? Faɗa mini da Hausa." In ya iya mayar miki, ya gane. In ya kasa, a maimaita. Kin ga ba sai kin iya Turanci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Sannan kada ki aiki yaro shi kaɗai da memori wurin masu tura fina-finai. Maigida ko babban yayansu ya je, ke kuma ki fara kalla kafin ki miƙa.

Littafi kuwa shi ne tushe, ba ya jiran wuta, ba ya cin data. Yaron da ya iya karatun Hausa ya riga ya san yadda haruffa ke haɗuwa su ba da kalma, Turanci zai zo masa da sauƙi. A fara da Ka Koyi Karatu, in ya yi nisa a ba shi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A ɓangaren Turanci ga Queen Primer ga Brighter Grammar. In da hali a ajiye Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, gida duka zai amfana, har da ke, ranar da aka kawo magani kina son sanin abin da aka rubuta a kwalin.

Minti 20 kullum tsakanin Magariba da Isha ya isa. 'Ya'ya mata ma a zaunar da su, kada talla da wanke-wanke su cinye musu wannan ɗan lokacin.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuri'a, a huta lafiya.