Taba da Mai Juna Biyu

Hayaƙin sigari yana ɗauke da wata iska mai guba da ke ƙwace gurbin oksijin a jinin mai juna biyu, sai ɗan tayi ya kasa girma yadda ya kamata. Daga nan ake samun ɓari, da bakwaini, da jariri marar nauyi. A gari irin Dutsi ba kasafai mace ke kunna sigari ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hayaƙin maigida cikin ɗaki a rufe lokacin hunturu, uwa na kwance tana shaƙa.

Ga mai juna biyu da ke shan taba, dainawa gaba ɗaya ta fi. Wadda ta kasa, a Ingila likitoci kan ba ta cingam ɗin nikotin, ko filasta da ake liƙawa a damtse a cire da dare. Nikotin yana isa ga ɗan tayi, amma babu gubar hayaƙi.

Sigarin lantarki kuwa, binciken da aka buga a 2022 kan masu ciki 1,140 a Biritaniya bai same shi ya fi filasta haɗari ba. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi a matsayin hanyar barin taba ba.