In Ɓarawo Ya Fasa Gida da Dare

Jiya cikin aji wani dattijo ya ce mini, "Malam, in ɓarawo ya fasa gidana da dare, na sare shi, ni za a ɗaure?"

To, ku saurara. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ba mutum ikon kare kansa da dukiyarsa. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 33, shi ma ya yarda. Amma da sharaɗi: kada ƙarfin ya wuce bukata.

In ya zo da adda yana neman ranka, kare kanka. In ya yar da makami, ko ya shiga hannu, ikon nan ya ƙare. Dukan da ya biyo baya ramuwa ce, alƙali kuwa ba ya karɓarta. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa wani manomin Adamawa hukuncin kisa, don ya kashe wanda ya far masa bayan ya ƙwace wuƙarsa.

Saboda haka ku yi kururuwa, maƙwabta su fito. A tsare shi, a sanar da mai gari, a miƙa shi ga 'yan sanda. Kada a kan akuya ɗaya magidanci ya ƙare a kurkuku. Allah ya tsare mu.