Hayar Kwamfuta Daga Nesa: Jawabi Ga Masu Farawa



Iyayenmu da suka yi aiki a majemun Challawa da masana'antun Bompai da Sharada sun san cewa injin da aka bari a kunne wuta yake sha, ko yana aiki ko ba ya yi. Haka kwamfutar girgije take, wato wadda ake haya ta intanet, irin wadda Amazon ya soma bayarwa a 2006.

Da imel da lambar waya da katin banki muke buɗe asusu. Daga nan, gwargwadon lokacin da ta yi a kunne, gwargwadon kuɗinmu. Saboda haka tun ranar farko mu ƙarfafa kalmar sirri, mu sa a riƙa yi mana gargaɗi in kuɗi ya hau, mu kashe duk abin da muka gama da shi. Wanda ya manta, bashi na jiransa ƙarshen wata.