Tikitin Jirgin Ƙasa A Cikin Adakar Kakanninmu

Mai Martaba Sarki. Hakimai, malamai, iyayenmu mata, jama'ar Ƙonni, Malbaza da Illela.

Wani zai ce me ya haɗa mu da tikitin jirgin ƙasa, alhali layin dogo bai taɓa ratsa ƙasarmu ba? Ai kakanninmu sun iske shi inda yake. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ɗan cin rani ko falke yakan tashi daga nan, ya bi ta Sakkwato, ya yanki tikiti zuwa Zariya, Ibadan ko Ikko.

Tikitin nan ɗan guntun kwali ne, bai kai tsawon yatsa ba. Wani Baturen Ingila, Thomas Edmondson, ya ƙirƙiro shi wajen 1840, can kuma ba a bar aiki da shi ba sai 1990. Ƙanƙane ne, amma bakinsa cike yake da magana: tashar tashi, tashar sauka, lamba, kuɗi, da kwanan wata da aka buga a gefensa. In kun ga farashi da fam ko sule, to ya girmi 1973, shekarar da naira ta fito. Hudar da ke jikinsa kuwa shaida ce an yi tafiyar. Tarihin baka yakan ce "shekarar fara" ko "bayan yunwa". Kwali yana faɗin ranar.

Abin da ya sa yake wuya shi ne, a ƙa'ida ana karɓe shi a tashar sauka. Wanda ya tsira har ya iso gida, sa'a ce. A Turai masu tarawa suna sayensa da kuɗi, mu kuwa muna bar wa gara, ko mu share shi ranar rabon gado.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ware akwati guda a fada. Kowane gida ya buɗe adakar tsofaffi. Wanda ya samu, kada ya manna shi da gam, kada ya wanke, kada ya yi rubutu a kai. Ya sa shi a ambulan, ya rubuta sunan matafiyin, garinsa da abin da ya kai shi, tun akwai dattijon da zai iya faɗa.